Masu Sayen Rana da Kuɗinsu

Na san abin da za ka ce, Alhaji, tun kafin ka ajiye kofin shayinka. Za ka ce: "Wai mutum da hankalinsa ya biya kuɗin jirgi, ya biya na otal, don kawai ya je ya shanya kansa a rana? Ya zo nan mana a watan Afrilu, mu ba shi kyauta har da gyara." 'Yan majalisa su kwashe da dariya, a tafa. To ku gama, ina jira. In kun gama, ga labari: a shekarar 2024 baƙi kusan miliyan 94 ne suka shiga ƙasar Sifaniya, alhali 'yan ƙasar gaba ɗaya ba su cika miliyan 50 ba. Kaso mai tsoka daga cikin baƙin nan, abin da kuke wa dariya ne ya kai su. In hauka ne, to ka nemo mini wata haukar da take ciyar da gari haka.

Mu tsaya wuri guda don kada ka ce ina yi maka yawo da hankali. Akwai gaɓar Bahar Rum da ake kira Costa del Sol, a lardin Malaga, cikin yankin Andalus ɗin nan da kake ji a bakin malaman tarihi. Tsawonta ya haura kilomita 150, garuruwa a jere bakin ruwa: Nerja daga gabas, sai birnin Malaga, Torremolinos, Benalmadena, Fuengirola, Marbella, har Estepona. Otal na bin otal, bene na kallon bene, kowa ya juya fuskarsa ga teku.

Kai da rana ta fara gasa ka tun kana goye, ba laifinka ba ne in ka kasa ganewa. Amma ka dubi mutumin Landan, wanda ranarsa ba ta wuce sa'o'i 1,600 da 'yan kai a shekara, alhali ta Malaga ta kusa 2,900. Ko mutumin Stockholm a Suwidin, wanda a watan Disamba rana ba ta fito masa sai wajen tara saura, kuma kafin ƙarfe uku ta faɗi. Ya tafi aiki cikin duhu, ya dawo cikin duhu, wata da watanni. Jikin ɗan Adam kuwa da hasken rana yake haɗa bitamin D da ƙashi ke buƙata. Wannan bawan Allah in ya ga rana ya tuɓe riga, kada ka zarge shi. Abincin wani gubar wani. Kuma ba irin taka ranar yake saye ba, Alhaji, kada ka yi saurin kafa rumfa. Tasu a tsakiyar bazara tana wasa ne wajen maki 30, ga iskar teku tana kaɗawa. Sai fa ranar da busasshiyar iskar da suke kira terral ta gangaro daga duwatsu, zafi ya doshi 40. A ranar ce kaɗai za ka ji kamar ba ka bar gida ba, kuma a ranar su ma gudu suke yi.

Za ka ce ai dama can masu kuɗi ne. Ina! A farkon shekarun 1950 Torremolinos ƙauyen masunta ne, talauci ya yi masa katutu, samarin Andalus na ficewa ci-rani zuwa Barcelona da ƙasashen ƙetare. Ranar tana nan tun fil azal, tekun ma haka, ba wanda suka taɓa azurtawa. Abubuwa uku ne suka haɗu suka canza lamarin. Ma'aikatan Turai sun samu dokar hutun shekara da albashi, Faransa tun 1936, Ingila ta fara a 1938. Jiragen sama masu sauri sun zo, kamfanoni suka ƙirƙiro tikiti guda da ya haɗa jirgi da ɗaki da abinci, har direban bas da ma'aikacin masaƙa suka iya biya. Sannan a 1959 gwamnatin Janar Franco, da ta rasa kuɗin waje, ta buɗe ƙofar tattalin arzikinta. A shekarar ce aka buɗe otal ɗin Pez Espada a Torremolinos. Su manyan attajirai tuni an yi musu nasu ɓangaren: Marbella Club tun 1954, daga baya tashar jiragen ruwan alfarma ta Puerto Banus a 1970. Yau filin jirgin saman Malaga kaɗai yana ganin fasinja sama da miliyan 20 a shekara.

Yanzu kuma riƙe hularka. A saman dutse, bayan Fuengirola, akwai wani farin gari da ake kira Mijas. A shekarun 1960 manoman garin na dawowa daga gona a kan jakunansu, sai baƙi su tare su, wannan ya ce zai ɗauki hoto, wancan ya ce a ɗan ɗana shi. Manoma suka lura abin da ake damƙa musu ya fi ladan yini guda a gona. Shi ke nan, jaki ya zama tasi, har da lamba da wurin tsayawa. Jakin nan dai da kake jin kunyar a ce kakanka ya hau zuwa kasuwa, likita daga Jamus yana bin layi ya biya yuro ya hau, matarsa na ɗaukarsa hoto. Har masu kare haƙƙin dabbobi sun sa baki, an ƙayyade nauyin wanda zai hau. Da kai da tumbin nan naka, ina jin sai dai ka yi kallo.

Ka ce to me ake ci? Ka kwantar da hankalinka. A bakin ruwan Malaga akwai abin da suke kira espeto: a tsire kifin sardin biyar ko shida a tsinken gora, a barbaɗa gishiri, a kafa a yashin da aka cika tsohon kwalekwale da shi, a gefen wutar itacen zaitun. In ka ga mai gashin ya jera tsinkayensa yana duban inda iska ta nufa, ka rantse mai tsiren bakin tasha ne, ƙuli-ƙuli kawai ya rasa. Masana abin sun ce ya fi daɗi daga Mayu zuwa Agusta, lokacin da kifin ya yi mai.

Kuma kada ka ɗauka masu hutun nan hutawa suke yi yadda ya kamata. Mutum ya bar aiki ya zo hutu, amma tun da asuba ya tashi ya je ya shimfiɗa tawul a kan gadon kwanciya na bakin tafkin otal don kada a riga shi. Turawan Ingila da Jamusawa sun daɗe suna zargin juna a kan wannan. Har wasu garuruwan sun kafa tara ga wanda ya kafa laimarsa a rairayi ya koma barci. Nan kam ka yi dariyarka, na ba ka izini.

Na ga Malam yana gyaran murya daga can gefe. Allah gafarta Malam, na san zancen: tsiraici, giya, naman alade. Duk akwai, ban ɓoye maka ba, ban kuma ce ka je ka baje a rairayi ba. Sai dai ka san marigayi Sarki Fahad na Saudiyya yana da fada a Marbella, yakan sauka da ayari mai yawan gaske, 'yan kasuwar garin su yi ta murna. A garin akwai Masallacin Sarki Abdul'aziz da aka buɗe a 1981. A Fuengirola, dab da inda ake wankan teku, ganuwar Suhail ce a kan tudu, wadda Halifa Abdurrahman na Uku ya sa aka gina a shekarar 956. A tsakiyar Malaga ga ganuwar Alƙasaba ta ƙarni na 11, birnin kuwa yana hannun Musulmi har 1487. Fadar Alhamra ta Garnaɗa tafiyar ƙasa da awa biyu ce a mota. Kana iya cika mako guda da ziyara ba ka taka yashi ba. In kuma hanya ta bi da kai ta bakin ruwa, ga damar gwada runtse idon nan da kake yi mana wa'azi a kansa kullum.

Tambayar da ta fi kowacce nauyi daga Hajiya ta fito, da ma ita ba ta magana a banza: "To su masu garin fa, yaya suka ƙare?" Ranki ya daɗe, kin taɓo inda yake ciwo. Yankin da ke da filayen wasan golf kusan 70 da tafkunan wanka ba adadi, ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama. A farkon 2024 madatsar ruwa ta La Viñuela ta sauka ƙasa da kashi 10 cikin 100, aka taƙaita ruwan famfo a garuruwa da dama. Masu gidaje sun gano haya ga baƙo na dare uku ta fi ta ɗan gari riba, sai ma'aikaciyar da ke gyara gadon otal ta kasa samun ɗakin da za ta kwana a garinsu. A watan Yunin 2024 dubban mutane suka fito zanga-zanga a Malaga a kan haka, daga baya hukumar birnin ta hana yin rajistar sababbin gidajen baƙi a unguwanni 43. A Marbella kuwa cuwa-cuwar filaye da takardun gini ta kai a 2006 gwamnatin ƙasa ta rushe majalisar garin ɗungurungum. Kin ga ba mu kaɗai Allah ya jarraba da 'yan kwangila ba. Sannan a rairayin nan za ki ga samari 'yan Senegal suna yawo da tabarau da jakunkuna a hannu, suna talla suna waigen 'yan sanda. Daga garin Tarifa na Sifaniya zuwa Maroko kilomita 14 ne kacal. Ruwan da wani ya biya don ya yi wasa a ciki, wani da ransa ya yi caca kafin ya haye.

Saboda haka, Alhaji, in za ka soki wurin nan, ga abin suka nan Hajiya ta miƙo maka: ruwa, haya, da haɗama. Amma batun wai wauta ce mutum ya ware mako biyu a shekara ya ajiye aiki, ya kashe waya, ya zauna da iyalinsa, wannan kam ba daga bakinka ya kamata mu ji ba. Shekara nawa rabonka da rufe shago in ba ranar Sallah ba, ita ma sai bayan la'asar ka lallaɓa ka buɗe? Hutunka na ƙarshe likita ne ya rubuta maka shi, da ƙarin ruwa a hannu, kuma ko a gadon asibitin an ji ka kana tambayar yaron shago nawa aka yi ciniki.