Mu da Motar Caji

Mu mutanen Jega da Aliero da Maiyama ba a burge mu da fenti. In ka kawo mana abin hawa, tambayarmu ta farko buhun albasa nawa yake ɗauka, ta biyu wa ke gyara shi, ta uku in an matsu nawa za a saye shi. Shi ya sa duk ranar da rediyo ta ce gwamnati na son a koma motoci masu aiki da lantarki, teburin mai shayi sai ya kaure da dariya kafin a shiga musu.

Ba wai ba mu ji jiki ba ne. Tun 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuwa ta wuce 1,000. Ɗan kabu-kabu ya koyi kashe babur a gangara. Mai mota ya jingine ta ƙarƙashin dogon yaro, sai biki ko jana'iza ake tayar da ita. In akwai waɗanda ya kamata su yi wa abin hawa marar shan mai maraba, to mu ne.

Gwamnati ma ba ta zauna haka nan ba. A Oktoba 2024 ta cire harajin VAT a kan motocin lantarki. Tun 2021, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, yake shugabantar hukumar NADDC, aka kafa wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, aka kuma nuna Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas. Wata rana a teburin mai shayi, wani malamin makaranta ya gama zayyana wannan duka, sai wani dattijo ya ajiye kofinsa.

"To Malam, in na taso daga Maiyama caji ya ƙare mini a Jega, Sakkwato zan turo ta?"

"Haba Baba, ai a gida za ka yi cajinta cikin dare."

"Da wace wutar? Ni da wayata ma sai na aiki yaro ya kai ta rumfar mai caji?"

Nan fa gizo ke saƙar. Babban layin da ya taso daga Kainji ta jiharmu yake bi ya isa Birnin Kebbi, har a tura wa Yamai, amma mu in an kawo wuta yara sai sun yi ihu. An sauƙaƙa harajin abin da ko kyauta aka ba mu, ba mu da inda za mu jona shi.

Sai maganar gyara, wadda ta fi damunmu. Bakanikenmu da kunne yake aiki. Ka taka masa babur ya saurara, ya kwance fulogi ya goge da sanfefa, ya hura kafireta da baki, ya ce "je ka gwada". Kayan gyara kuma ga su nan rataye a shago, na asali da na jabu, kowa da ƙarfin aljihunsa. To abin da ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, ta ina zai ji ciwonsa? Aliero ta yi suna da ɗorin karaya, amma ba mu ji wanda ya gaji ɗorin batir ba tukuna. Abin haushin ma, dutsen litiyom ɗin da ake yin batiran da shi ana haƙo shi a Libata, can Ngaski, cikin jihar nan tamu.

Sai dai kada wani ya ce muna gudun sabon abu. A leƙa fadama da rani a gani. Manomin da fetur ya kusa kora daga noman albasa ya jingina faifan sola a bakin rijiyar burtsatse, injin ban ruwa na zuba tun hantsi har la'asar, shi kuma yana gyaran kwami abinsa. Maƙwabcinsa ya gani, ya ƙirga, ya sayar da rago biyu ko uku ya nemo nasa. Ba mu jira lacca ba. A Maiduguri ma Mustapha Gajibo ƙananan motocin haya ya fara mayarwa masu caji, irin waɗanda talaka ke shiga kullum, shi ya sa abin ya karɓu.

Don haka masu tsara mana manufa su sauko daga kan motar alfarma. A fara da babur da keke Napep. A kafa rumfar sola a tashar Jega inda mutum zai ajiye batirin da ya mutu ya ɗauki cikakke, a tura yaran bakanikenmu jami'ar Aliero su koyi aikin, a ba da bashi ana biya kaɗan-kaɗan kamar adashe. In ɗan kabu-kabu ɗaya ya yi wata guda yana komawa gida da kuɗin mai a aljihunsa, ba sai an biya kuɗin talla a rediyo ba.