Mu Sai Wuta Ta Ɗauke Muke Kiran Taro

Mu a Wudil ba mu da ƙyashin haɗa hannu, wannan kowa ya shaida. A yi rasuwa da asuba, kafin a gama suturta mamaci samari sun gama haƙa kabari. Katangar wani ta faɗi da damina, kafin la'asar an kawo masa bulo da masu kwaɓa ƙasa. Daga cikin gari har Sabon Gari, da wuya ka sami unguwar da ba ta da kwamitinta: ga shugaba, ga sakatare, ga ma'aji, ga dattawa biyu ko uku da ba a yanke magana sai sun sa baki. Har ƙauyukanmu irin su Utai da Indabo da Darki haka abin yake. To amma a lura da ranar da muke kiran taro. Taransifoma ta buga, ko injin burtsatse ya ƙone, ko an haura gidan wani an ɗauke masa tumaki. Idan wuta na nan, ruwa na zuwa, ba a yi sata ba, sai a shafe watanni kwamiti bai zauna ba.

Kuma duk mun san yadda zaman yake. Bayan sallar isha'i a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa, a jingina waya da bango ta haska wurin. Malam Sakatare ya buɗe littafinsa mai bango ja, wanda ya fara yayyagewa ta gefe, ya karanto abubuwan da za a tattauna. Na farko maganar wuta, na biyu kuɗin 'yan sintiri, na uku filin maƙabarta. Ana buɗe maganar wuta sai wani ya ce, "Ranka ya daɗe, gidan da ke da injin markaɗe da firji uku ai bai kamata ya biya daidai da ni mai ƙwai biyu ba." Mai injin markaɗen ya ce shi ma ai da janareto yake aiki. Wani ya tuno karo-karon bara da har yau bai ji bayaninsa ba. Ma'aji ya fusata, a ba shi haƙuri. Kafin a ankara dare ya yi, dattawa sun fara gyara zama, sai shugaba ya ce, "To Malam, maganar maƙabarta a bar ta sai zama na gaba, in Allah ya kai mu." A shafa fatiha a tashi. Zama na gaba kuma wata matsalar ce za ta kira shi, ita ce kuma za ta cinye daren.

Ni wanda nake tausaya wa shi ne shugaban kwamiti. Galibi muna zaɓar mutumin da ya fi kowa sanin duniya a cikinmu, tsohon hedimasta ko wanda ya yi ritaya daga sakateriyar ƙaramar hukuma, mutumin da ya san yadda ake rubuta takarda ta isa inda ake so, ya san wane ofis ake bi kafin wane. Sai mu mayar da shi ɗan aike. Shi ne zai hau acaɓa neman mai gyaran famfo. Shi zai bi gida-gida da leda yana karɓar ɗari biyar-biyar, wani ya ce masa maigida ba ya nan, wani ya ce a dawo ranar Juma'a bayan kasuwa. Yara sun yi faɗa a bakin burtsatse, shi za a taso daga barcin rana. Mutum mai shekara kusan saba'in, wanda kansa ke cike da abin da unguwa take buƙata, ƙarfinsa duk ya ƙare a kan fis da waya da rigimar jarka.

Alhali garin da muke ciki ba ya jiranmu. Tun da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Ɗangote a 2022, gonakin da muka taso muna ganin dawa da gero a cikinsu suka fara komawa gidajen hayar ɗalibai. Makarantar horar da jami'an 'yan sanda ma, da aka ɗaga darajarta zuwa mai ba da digiri a 2012, ta ƙaro mana baƙi da ma'aikata. Ga titin Kano zuwa Maiduguri da ya ratsa mu, ga kasuwar Juma'a da ta Kara da ke jawo fatake daga nesa. Duk wannan arziki ne, mun gode Allah. Amma wa ke yanke shawarar inda lungu zai bi, da faɗinsa, da inda za a bar wa makarantar Islamiyya fili? A wurare da yawa mai gona ne da dillali da mai igiyar awo. Su kuwa kowane taku na ƙasa kuɗi ne a wurinsu, ba za ka zarge su ba don sun matse hanya. Sai an gama gini, an tare, mace ta tashi haihuwa da dare, a ga mota ba za ta iya shiga lungun ba.

Maganar ruwa ta fi wannan nauyi. Mu mutanen bakin kogi ne. Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadarmu ya biyo ta madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Challawa da aka gama a 1992, kuma idan damina ta yi ƙarfi madatsun suka cika, mu da 'yan uwanmu na Jigawa ne ke ƙasa. Kowace shekara hukumomin hasashen yanayi da na ambaliya suna fitar da gargaɗi tun kafin ruwan farko, ana faɗa a rediyo. Dattawanmu kuma sun san tsofaffin hanyoyin ruwa fiye da kowace taswira. Za ka ji tsoho ya nuna wani shago ya ce nan da can kududdufi ne, nan ruwan unguwa uku yake taruwa kafin ya gangara. An cike kududdufin da shara, an sayar, an yi gini. Ruwan kuwa bai fasa zuwa ba, sai dai yanzu tsakar gidajenmu yake nema. Muna fitowa aikin gayya mu yashe kwata bayan ta toshe, muna fitowa tsaftar ƙarshen wata ranar Asabar, amma ban cika jin kwamitin da ya zauna tun cikin rani ya zana hanyar ruwan unguwarsa a takarda, ya kai wa mai unguwa da dagaci don a hana gini a kanta ba.

Maƙabarta kuwa, kowa ya ga yadda take cika. Filin da za a iya saye yau da karo-karon shekara ɗaya, nan da 'yan shekaru sai an haɗa da roƙon masu hannu da shuni, in ma an same shi a kusa.

Ku shiga Kara ranar Juma'a ku duba babban dillalin shanu. Ba za ku gan shi riƙe da igiya yana kokawa da bijimi ba. Yana da yaransa masu ja da ɗauri da lodi, shi kuma yana zaune a rumfa yana lissafin farashi, da wanda zai ba bashi, da motar da za ta tashi zuwa Kudu. Ranar da ya tashi ya kama igiya da kansa, ciniki zai wuce shi. Haka ya kamata kwamitinmu ya zama, kuma muna da yaran da za su riƙe igiyar. Unguwa cike take da samari masu difloma da digiri, wasu ma lantarki suka karanta.

Na ji an yi wannan muhawara a wata majalisa. Wani matashi ya ce wa wani dattijo, "Baba, ku bar mana wuta da famfo da karɓar kuɗi. Mutum uku sun isa. A ba mu ɗan abin sayen mai duk wata, mu kuma mu kawo muku lissafi." Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Yaro, kuɗin jama'a wuta ne. Mu da furfurarmu ma ba mu tsira daga zargi ba, balle ku." Gaskiya ya faɗa, kuma bai kamata a yi wasa da tsoronsa ba, domin ƙungiyoyi da yawa a kan kuɗi suka watse. Sai dai maganin wannan sananne ne. A buɗe asusu a banki da sunan ƙungiya, kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu. Wanda ya biya a ba shi rasit, ko ya tura ta waya shaida ta zauna. A ƙayyade adadin da samarin za su iya kashewa ba tare da sun tambaya ba, abin da ya haura haka sai kwamiti ya amince. Duk ƙarshen wata a manna lissafi a bangon masallaci kowa ya karanta. In ƙungiya ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni a matsayin amintattu, tana iya mallakar fili da sunanta, ba da sunan wani Alhaji da magadansa za su zo su ce na mahaifinsu ne ba.

Har a ƙasashen da ke da tsari wannan cuta ta jan ƙafa a kan babban aiki tana nan. A Amurka, a jihar Fulorida, wani dogon benen gidaje ya rushe a garin Surfside a watan Yunin 2021, mutum 98 suka mutu. Tun 2018 injiniya ya rubuta wa ƙungiyar masu gidajen rahoton cewa ginin na da babbar matsala, aka yi ta jan ƙafa a kan kuɗin gyara. Bayan abin ya faru jihar ta yi doka a 2022 da ta tilasta wa irin waɗannan ƙungiyoyi su riƙa duba gine-ginensu suna kuma tara kuɗin manyan gyare-gyare tun da wuri. Mu ba mu da irin wannan doka, amma muna iya ware wani kaso na kowane karo-karo a ce wannan ba a taɓa shi sai don babban aiki. Matanmu sun daɗe da iya wannan. Uwa takan fara tara kayan ɗakin 'yarta da adashi tun yarinyar tana firamare. Abin takaici, su da suka fi kowa sanin wahalar ruwa da hanyar asibiti, ba ma tambayarsu komai in za a yanke shawara. Haka ma 'yan haya da ɗalibai, muna karɓar kuɗinsu na wuta da tsaro, amma ba su da wakili a tabarma.

Akwai wani dalilin da ya sa muke guje wa babban aiki, wanda ba mu cika faɗa ba. Aikin yau da kullum yana da daɗin godiya. Ka gyara wuta, yara su yi shewa, a yi ta sa maka albarka a masallaci. Wanda ya hana a yi gini a hanyar ruwa kuwa, abin da zai fara samu shi ne gaba da mai filin, amfanin kuma sai bayan shekaru, wataƙila ma ba ya raye. Shi ya sa wannan aiki sai dattawa, masu kwarjinin da za su iya ce wa attajiri a'a ya haƙura, su kuma iya tafiya gaban Hakimi da magana a rubuce.

Kuma lokacin zaɓe yana zuwa, 'yan takara za su zo su zauna a tabarmar nan tamu. In ba mu da komai a hannu, kuɗin gyaran taransifoma za mu roƙa, su bayar, a yi tafi, shi ke nan an sallame mu har shekara huɗu. In kuwa akwai takarda mai ɗauke da tsawon magudanar da muke so, da inda za ta zuba, da kwalbatin da ake buƙata, da abin da mu kanmu muka riga muka tara, sai mu miƙa wa kansila da ciyaman da ɗan majalisa kwafi ɗai-ɗai, mu riƙa bibiya lokacin da ake shirya kasafin kuɗi. Rubuta wannan takarda aikin rani ne, lokacin da ƙasa ta bushe ana iya bin hanyar ruwa da ƙafa, tare da tsofaffin da suka san inda kududdufan suke tun kafin a cike su.