Yara Iri-iri a Gaban Ƙarfen Dalma

Malamin da ya tara 'yan ƙaramar sakandare a ɗaki, ya baje musu waya da batir da ƙarfen narka dalma da sunan koyar da su rediyo, ba ya cika mako biyu bai gane cewa rajista ta yaudare shi ba. Rajista ta ce ɗalibai ne, duk ɗaya. Teburin aiki kuwa yana rarrabe su tun ranar farko.

Na gaba-gaba shi ne Sarkin Kwance-kwance. Wannan tun kafin ya zo ajin ya gama da rediyon babansa, wadda ake jin labaran gajeren zango da ita kullum da asuba. Ya kwance ta tas, ya mayar, noti uku suka yi saura, ya zuba su a aljihu ya ce kamfanin ne ya sa su fiye da ƙima. Har yau rediyon ba ta sake magana ba, kuma a gida an ɗora wa damina laifi. Sukurdireba ba ta rabuwa da shi. Idan ka ajiye mitar awo ka juya baya, ka dawo da wuri.

Abokin tafiyarsa shi ne Mai Hayaƙi. Ka yi bayani har muryarka ta dushe cewa ƙaramin jan ƙwan LED ba ya buƙatar fiye da kusan bolt 2, batirin nan kuwa mai bolt 9 ne, don haka dole a sa rizista a tsakani, mai om 330, wadda zanenta ruwan lemo ne, ruwan lemo, ruwan ƙasa. Ya gyaɗa kai. Ya haɗa ƙwan da batir kai tsaye. Ƙwan ya yi haske sau ɗaya, hasken ban kwana, ya mutu. Sai ya ɗago ya ce, "Malam, wannan jabu ne." Ka ba shi kafasita, ka nuna masa ƙafar da ke da alama, ya juya ta, ta fashe, 'yan mata su yi waje da gudu. Amma ga abin da ba a faɗa a taron malamai: a ƙarshen zango, shi ne wanda dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 ta fi zauna wa a kai, domin ya shaƙi warin saɓa mata.

Akwai Mai Harshe, wanda ba ya yarda batir na da caji sai ya lasa. Shi kam addu'a kawai, da nesanta shi da soket.

Sai Hajiya Jarabawa. Littafinta tsaf, ta ja layi da jan biro, ta zana hanyar lantarki fiye da yadda malam ya zana a allo. Tambayarta ɗaya ce duk shekara: "Malam, wannan zai fito?" Ka miƙa mata ƙarfen dalma ta riƙe shi da yatsu biyu kamar an ba ta wutsiyar ɓera. Ita ce za ta zo ta ɗaya, kuma idan tocilarta ta lalace Mai Hayaƙi za ta kai wa.

Ɗan Kasuwa bai zo don ilimi ba, ya zo duba hanya. Ranar da ya iya liƙe waya da dalma, a ranar ya buɗe shago a bayan aji, yana gyaran caja da abin jin sauti na kunne, kuɗi hannu. Ya san farashin rizista a Sabon Gari fiye da malam. Ranar da aka gaya masa cewa rediyon 'yan sha'awa, a ƙa'idarta ta duniya, ba a neman kuɗi da ita, ba talla, ba ciniki, ya dubi malam da tausayi ya ce, "To Malam, wahalar ta mece ce?"

Ranar da aka samo mai lasisin irin wannan rediyo ya zo da na'urarsa, aka ɗaura eriya mai tsawon kusan mita 10 tsakanin bishiyar darbejiya da rufin ofis, a nan ake ganin sauran. Baban Surutu, wanda ya hana ajin sakat tun farkon zango, an ba shi makirfo, wani mutum daga wata ƙasa yana jira, sai baki ya mutu, gumi ya karyo. Da ƙyar ya faɗi sunansa. Na bayansa kuma ya ɗauka filin gaishe-gaishe ne, ya fara da kakarsa, ya bi dangin uwa, ya shiga na uba, sai da aka ƙwace. Mai Wayar Salula yana gefe yana cewa da WhatsApp an gama tun ɗazu. An yi masa bayanin cewa wannan murya ta tashi sama ne, ta bugi wani sashe na sararin samaniya ta sauko a wata nahiya, ba kati, ba data, ba dogon ƙarfen kamfani. Da ya ji cewa tun shekarar 2000 ɗalibai ke magana ta irin wannan rediyo da 'yan sama jannatin da ke tashar sararin samaniya, kimanin kilomita 400 a sama, cikin 'yan mintoci kusan 10 kafin ta wuce, sai ya tambaya ko suna da lamba.

Ita kuwa yarinyar kujerar ƙarshe, wadda malam bai tabbatar da muryarta ba, ta haddace haruffan Morse a ɓoye. Ita ta gane cewa lambar kira mai farawa da 5N ta Najeriya ce, 5U ta Nijar, 9G ta Ghana, ita ke rubuta su a littafi ɗaya bayan ɗaya. Irinta kowane aji na da guda, kuma malam mai yawan bin masu hayaniya yakan gama shekara bai gan ta ba.

Shugaban makaranta ma nau'i ne: yakan leƙo ya tambaya ko wannan waya ba za ta jawo tsawa ba, sannan ya miƙo fankarsa a duba.

Iyaye, idan kuna da ɗan kwance-kwance a gida, ku rage duka. Ku ba shi matacciyar rediyo da batir, ku ɓoye mai rai, ku kuma hana shi kusantar wutar gida har sai ya sami malami.