Kuruza na Hannu a Kasuwar Magani

Kuruza, wato ƙaton babur mai gajeren sirdi da faffaɗan kai irin Harley-Davidson, an ƙera shi ne domin shimfiɗaɗɗun titunan Amurka, inda ba a ɗora wa babur buhun masara. Dillali yakan rantse cewa wani Bature ne ya hau shi sau biyu kacal, amma mai saye a Kasuwar Magani ta Kajuru zai tarar cewa tun da aka cire tallafin fetur a 2023 injin yana sha kamar raƙumi, kuma bakanike, wanda ya ƙware a kan Bajaj, sai dai ya zagaya shi yana yabon fentinsa. Kwarjini kam akwai shi, amma da damina Bajaj ne ke kai mutum gona.