Yawon Buɗe Ido na Kwale-kwale

Wai a Masar Turawa na zuba daloli don su tare a jirgin ruwa kan Bahar Maliya, su goya tulun iska su yi ta nutso suna kallon kifi. In sun gaji, sai su wuce Kenya gaida zakuna.

Malam, wannan ai Sarkawa sun daɗe suna yi kyauta. Masunci na kwana a kwale-kwale, sauro na masa kiɗa. Tun 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu, inda dubban mutane ke faɗawa kogin Matan Fada da gora da homa. Bambancin ɗaya ne: Bature ya ga giwan ruwa sai ya ɗau hoto, Bakabe ya gan shi sai ya tambayi kuɗin manja.

Ga shirin namu: a tashi daga Kalgo, a yi nutso a Argungu, a gangara Yawuri gaida dorina, daga nesa dai, don ba ta san baƙo ba. Sannan a ƙare a Gwandu, a ziyarci hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo, a gode wa Allah an dawo da ƙafa biyu.