Keken Tsakuwa a Ƙasar Yashi da Ƙaya

A garin Emporia na jihar Kansas ta Amurka, tun 2006 ake taruwa kusan duk shekara a yi tseren keke na kusan kilomita 320 a kan hanyoyin gona da ba su taɓa ganin kwalta ba. Mutane ƙalilan ne suka fara, yau dubbai ke rububin samun gurbi a gasar da ake kira Unbound Gravel. Abin ya bunƙasa har hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko a yankin Veneto na Italiya a 2022, Kenya ma tana da tata a Masai Mara. Keken da ake hawa ƙirar keken tsere gare shi, kansa lanƙwasasshe, sai dai tayarsa ta ɗan fi kauri, wajen milimita 40, don ta riƙe tsakuwa.

Hotunan wannan wasa ne suka faɗo wayar mai wannan rubutu a garin Arlit na Nijar, suka hana shi barci. Lissafin gogan naku mai sauƙi ne. Idan Turawa na biyan kuɗin jirgi don neman hanya marar kwalta, mutumin Arlit a ƙofar gidansa take. Hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 don fitar da yuraniyom zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano, ta daɗe da komawa tsakuwa a wurare da dama, har direbobi sun gwammace su sauka su bi gefenta. Ya ga ai shi zakara ne tun haihuwa, keken kawai ya rage.

Keken ya iso daga Agadas a saman babbar mota, na gwanjo, ɗaure tsakanin buhunan shinkafa. Tare da shi aka haɗo takalma masu maƙalewa a feda, da wani matsattsen wando wanda mai shi ya duba, ya tuna surukansa na unguwar, ya ɗora dogon wando a kai.

Mai facin bakin kasuwa ya juya tayar, ya matsa ta da yatsa.

"Malam, ina za ka da wannan?"

"Daji. Wajen lambuna, daga nan in taɓa duwatsu."

"To bari in yanka tsohuwar taya in shimfiɗa maka a ciki, saboda ƙaya."

Gogan naku ya yi masa bayani dalla-dalla cewa wannan taya ta zamani ce, babu roba a cikinta, wani farin ruwa ne ake zubawa wanda ke toshe huda da kansa. Mai faci ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam. Ina nan har magariba."

Duwatsun da ya ambata ba a kusa suke ba. Arlit gari ne da aka kafa a 1969 a kan shimfiɗaɗɗen fili, yamma da tsaunukan Abzin. Ainihin ƙasar da ta dace da hotunan wayarsa tana can gabas: Iferwan mai dabino da alkama, wajen kilomita 150 daga gari, Timiya mai lemu da rumman, da tsaunin Bagzan mai tsayin mita 2,022, wanda babu kamarsa a Nijar. Waɗannan tafiya ce ta mota mai ƙarfi da ɗan jagora da izinin hukuma, don yankin ya ga tawaye da satar mutane. Mai keke ɗaya da gorar ruwa biyu sai ya rage buri.

Bayan sallar asuba ya fita, iskar hunturu na dukan fuskarsa. Tsaunin farko da ya hango ya faranta masa rai ƙwarai, dogo, samansa a baje, ba kowa a kai. Ya miƙe gadan-gadan sai ga waya ta kewaye wurin, ga mai gadi yana ɗaga hannu. Ashe tulin ƙasar haƙar ma'adinai ne. Tuddan da suka fi kusa da Arlit da Akokan mutum ne ya tara su: kamfanin yuraniyom na Somaïr ya fara haƙa a 1971, na Cominak kuma daga 1978 har aka rufe shi ranar 31 ga Maris 2021, ya bar sharar da aka ƙiyasta ta kai tan miliyan 20. Mai gadin ya dubi keken, ya dubi hular kwano, cikin ladabi ya nuna masa hanyar komawa da bakin sandarsa.

Ya juya ya bi sawun motoci. Nan ya haɗu da gargada, irin ƙananan kunyoyin da tayoyin manyan motoci ke jerawa a kan hanyar ƙasa. Direba yakan ƙara wuta ya bi ta samansu. Mai keke kuwa sai ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya da haƙoransa. Kafin rana ta ɗaga, gora ɗaya ta yi tsalle ta fashe, ƙararrawar keken kuma tana kaɗa kanta.

Sai ƙorama ta tare shi. A wannan yanki da ruwan sama bai cika kai milimita 100 a shekara ba, ƙorama rairayi ce zalla, mai laushi, mai zurfi. Siririyar taya ba ta da faɗin da za ta ɗauki nauyin ƙato a kan yashi, yanka shi take ta nutse, shi ya sa masu ratsa hamada ke hawa keke mai taya kusan santimita 10. Gogan naku ya karanta cewa rage iska na taimakawa, ya rage. Ya ja da baya, ya taho a guje, keken ya shiga taku biyar ya tsaya cak. A nan ya tuna ƙafafunsa a kulle suke da feda. Ya karkata a hankali, cikin natsuwa, har kafaɗarsa ta sauka a gindin tumfafiya. Wasu yara masu kiwon awaki suka taho da gudu, suka tabbatar bai karye ba, sannan suka zauna suka yi dariyarsu son rai. Ƙaraminsu ya roƙe shi ya sake.

A ƙetaren ƙoramar ƙaya ke jira. Tsidau a ƙasa, busassun rassan kandili a warwatse, ƙarangiya ta cika safa. Tayar gaba ta yi tsaki, ta baya ta amsa. Ya tsuguna yana jiran farin ruwan ya yi aikinsa, shiru. Wannan ruwa a ƙasar sanyi ma watanni kawai yake yi kafin ya bushe, balle wanda ya kwana a saman mota daga Agadas. Da ya ɓanɓare tayar, abin da ya samu a ciki ya yi kama da cukun da aka manta a rana.

Haka ya tura keken, takalman ƙarfe na ƙwas-ƙwas, har ya ji ƙarar injin ban ruwa. Lambu ne kore shar: albasa, tumatir, karas, salak, ga masara a gefe. A Abzin da can sa ko raƙumi ke jan wasaki daga rijiya yana juye ruwa a magudana, yau injin fetur da faifan hasken rana sun karɓi aikin a lambuna da yawa. Mai lambun, dattijo Ba'abzine da rawaninsa, yana fifita gawayin shayi.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, ɗana. Wa ya koro ka?"

"Babu kowa, Baba."

"Saye ka zo yi?"

"A'a, motsa jiki ne."

Dattijon ya miƙa masa kofin farko, ya yi shiru na ɗan lokaci. "Da ka faɗa tun jiya, ai ga fartanya nan. Fangali goma ke jiran mai motsa jiki."

Kafin kofi na uku, jikan dattijon ya ɗaure kwandon tumatir biyu a bayan wani tsohon keke ƙirar Phoenix marar birkin gaba, ya hau da silifas. Ya san inda ƙasa ke da tauri, ya san inda ake sauka a tura, tayarsa kuma da tsohuwar taya a ciki. Kullum sai ya yi wannan hanya zuwa kasuwa ya dawo, bai taɓa jin an ce wasa ba ne. Gogan naku ya biyo shi a baya, a kan amalanken jaki, zaune bisa buhun albasa, keken Turai rungume a cinya. Suka shiga gari daidai lokacin da ake fitowa daga sallar azahar, ba wanda bai gan shi ba.

Mai faci bai ce uffan ba. Ya zare ƙayoyin ya jera su a kan benci, ya sa roba, ya yanko tsohuwar taya ya shimfiɗa a ciki, ya faɗi kuɗinsa, har da na shawarar da ya ba shi.

Mai karatu da ke sha'awar gwadawa, lokacinsa Nuwamba zuwa Fabrairu ne, da sassafe. Ka ɗauki ruwa ninkin abin da kake zato, ka faɗa wa na gida inda ka nufa, ka tambayi jami'an tsaro iyakar da aka yarda a kai, ka nisanci duk wurin da aka kewaye da waya. Ka nemi taya mafi faɗi da keken zai ɗauka, ka bar takalma masu maƙalewa a gida, kuma kafin ka fita ka bi ta wajen mai faci ka yi abin da ya ce.