Mutanen Filin Harbi

A Amurka harbin takarda wasa ne na iyali. Ranar Asabar magidanci zai kwashi matarsa da 'ya'yansa da surukin da ya zo hutu su nufi filin harbi, a ɗauki hayar bindiga in babu ta gida, a rataye takarda mai zobe-zobe can nesa, kowa ya gwada hannunsa. Kafin a taɓa komai, mai kula da fili zai karanto dokoki huɗun nan da ake jingina wa Kanar Jeff Cooper: kowace bindiga ka ɗauka a ɗure take, kada ka nuna bakinta ga abin da ba ka son hallakawa, yatsa ba ya hawa kunama sai an gama saiti, ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa. Dokokin ba sa canzawa. Masu sauraron ma, in ka yawaita zuwa, za ka ga su ne dai, fuska kawai ake sauyawa.

Wanda ake fara ganewa shi ne Malam Na-Sani. Bai taɓa riƙe bindiga ba, amma kakansa maharbi ne, kuma shi kansa ya taɓa tsayawa dab da 'yan bindigar sarki ranar hawan Sallah, saboda haka harbi a jininsa yake. Ana bayani yana ƙarasa wa malami magana. In aka miƙo masa ƙaramar bindiga mai harsashin .22 sai ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan ai ta yara ce." Harsashin nan kuwa tun 1887 ake yin sa, ga araha, ga shi ba ya tokarar kafaɗa, shi ya sa da shi ake fara koya wa kowa. Shi dai a ba shi babba. Da zai ja kunama sai ya runtse ido, ya fizge yatsa, hannu ya riga ƙarar zabura, harsashi ya tafi ƙasa ta hagu. Nan take ya yanke hukunci: saitin bindigar a karkace yake. Malami ya karɓa, ya zuba biyar a tsakiya, ya mayar masa bai ce uffan ba. Sai laifin ya koma kan iska, alhali a cikin rufaffen gini ake.

Ƙaninsa shi ne Jarumin Fim, wanda ya yi karatunsa a gaban talabijin. Da can karkace bindiga yake yi a hannu ɗaya. Tun gasar Olamfik ta Faris a 2024 ya sami sabon gwani, wato Yusuf Dikeç na Turkiyya, wanda ya ci azurfa da hannu a aljihu, ba wasu kayan ido na musamman, yana ɗan shekara 51. Jarumi ya kwaikwayi hannun aljihun tsaf. Abin da ya tsallake shi ne wannan ce Olamfik ta biyar da Baturken ya je.

Sai Hajiya, wadda ta biyo ne don kada a ce ta ƙi. An ɗora mata abin toshe kunne a kan ɗankwali, an sa mata tabarau, duk wanda ya harba a layin kusa sai ta yi salati. Ba laifinta ba ne, ƙarar bindiga kan kai desibel 140 ko fiye, tana iya lalata ji a harbi ɗaya. Amma Hajiya na da abin da maza suka rasa: abin da aka ce mata shi take yi. Ranar da ƙwanson harsashi mai zafi ya faɗa mata a wuyan riga, sai da ta ajiye bindigar a kan tebur, bakinta na kallon gaba, sannan ta yi ihunta. Bayan harbi goma ta tambayi kuɗin kwalin harsashi, ta yi shiru, ana ganin leɓenta na motsi. Buhun shinkafa take lissafawa.

Mijinta, Maigida Malami, shi ne abin tausayi. Ya rantse shi zai koya mata da kansa. "Haba Hajiya, ba haka na ce ba! Rufe ido ɗaya! Ba wannan ba!" Rabin awa suna wannan, sai wani baƙon malami ya matso, ya sa ta leƙa ta tsakanin tafukanta, cikin minti ɗaya ya gano da dama take aiki amma idonta na hagu ne ke jan ragama. Aka gyara tsayuwa, ramukanta suka taru wuri guda, nasa kuwa sun watsu kamar an watsa wa kaji gero. A mota ya ce sa'ar sabon shiga ce. Da ma wani ya ba shi labarin Zhang Shan ta Sin, wadda ta doke maza ta ɗauki zinare a harbin faifai a Basalona a 1992, da ya sami sauƙi a ransa.

Alhaji Mai Kaya ba sai an daɗe a kansa ba. Tun kafin zuwan farko ya sayi jaka, safar hannu, madubin hange da riga mai aljihu goma sha. Yakan gama shiri daidai lokacin da awarsa ta ƙare.

Biyu ne ba sa ba ni dariya sosai. Akwai Mai Hoto, wanda da ya dace da tsakiya sau ɗaya zai juyo gaba ɗaya, da bindiga da komai, yana cewa "Ɗauke ni, ɗauke ni!" Kowa ya sunkuya, mai kula da fili ya daka tsawar da ta fi harbin ƙarfi. Sai kuma Kawu Mai Barkwanci, wanda ke zaɓar bindiga mafi tokari ya damƙa wa ɗan koyo, ya koma gefe ya kunna kyamarar waya yana jiran faɗuwa. Mafi sauƙin abin da ke biyo baya shi ne yaron ya tsani wasan har abada. Mafi muninsa kuwa asarar rai: a 2014 a jihar Arizona an ba wata yarinya 'yar shekara 9 bindigar Uzi, ta ƙwace mata, malamin da ke tsaye kusa da ita ya rasa ransa.

Can ƙarshen layi kuma akwai wadda ba wanda ya lura da ita, 'yar shekara goma sha biyu da bindigar iska. Ba ta da kaka maharbi, ba ta da gwani a fim. An ce ta ja numfashi, ta saki rabi, ta matsa kunama a hankali, haka ta yi. Irinta ne ke zuwa Olamfik, inda ake neman ɗigon da faɗinsa rabin milimita ne daga nisan mita 10. A Zurik ta Suwizalan akwai tsohuwar gasar harbi ta samari, Knabenschiessen, da aka buɗe wa 'yan mata a 1991, kuma sun sha ɗaukar kambunta.

In za ka kai naka iyalin, fara da bindigar iska ko .22, a riƙa sa harsashi ɗaya-ɗaya, ka bar malamin fili ya koya wa matarka, kowa ya wanke hannu da sabulu kafin cin abinci saboda dalma. Kawu kuwa a ce masa motar ta cika.